Tukunyar da Sabo Ya Tono

A shekarar 1956 aka yi taron nunin sana'o'in gargajiya a wani fili a Tudun Wada. Masaƙa da rumfarsu, dukawa da tasu. Inna Ishatu, maginiyar tukwane, ita aka ba rumfar ƙarshe, dab da kududdufi, tana koya wa matan unguwa ɗaga wuyan tulu. A tsakiyar fili kuwa wani Bature ne daga Jos da akawunsa, suna duba tsofaffin kayan da mutane suka tono a gonaki, suna faɗa musu ko mene ne.

Ishatu mace ce mai zargin tsiya. Ko gaisuwa ka tsawaita mata, sai ta fara tunanin abin da ya kawo ka. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, hannun damanta ne ke ciyar da ita.

Gab da magariba mutane sun watse, tana tattara ragowar yumɓu, sai ga Sabo mai yin tubali. Ya rungumo wani abu cikin buhu da hannun hagu kaɗai. Na daman yana ɓoye cikin riga.

"Sannu da aiki, Inna. Akawu ne ya ce in kawo miki. Wai Bature bai gane ginin wace ƙasa ba ne."

Ta kalle shi sheƙeƙe. Tun la'asar ta ga motar Bature ta tashi da akawun a ciki, kuma wunin ranar ba ta ga Sabo a wurinsu ba.

"Ina ka samo?"

"Wajen Kufena, muna haƙar ƙasa."

"Hannun fa?"

"Sanyi ne kawai."

Ya ajiye, ya zare buhun, ya ja baya fiye da kima. Ƙaramar tukunya ce baƙa, an liƙe bakinta da yumɓu. Zanen wuyanta ba na Zazzau ba ne, ba na Gwari ba. Wari take yi irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ishatu ta ƙudura a ranta ba za ta taɓa ba. Ta dai tsuguna tana kallo.

"Anya ba ta tsage ba, Inna?" in ji Sabo a hankali.

Ai ba a yi wa magini wannan tambayar. Kafin kanta ya yi tunani, hannu ya riga ya amsa. Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa gefen tukunyar, yadda take gwada kowace tukunya tun tana budurwa.

Ƙarar ta fita garau.

Sai aka ƙwanƙwaso daga ciki.

Kwaɗin kududdufi suka yi tsit. Sabo ya sauke dogon numfashi, irin na wanda aka sauke wa kaya. Nan ta gane a kanta ya sauke kayan, tsoro ya cika ta.

Ta so janye hannu. Yatsun sun manne. Wani sanyi ya kama su, yana hawa gaɓa bayan gaɓa. Yumɓun bakin tukunyar ya fara tsagewa, yana zuba kaɗan-kaɗan.

"Wa ke sallama?" in ji wata siririyar murya daga ciki.

Ta cije leɓe.

"Sabo," ta ce ƙasa-ƙasa, "yaya ka tarar da ita a ramin?"

Ya kau da kai.

"Don girman Allah, Sabo."

"A kife," ya ce, yana ƙara ja da baya.

Sanyin ya kai gwiwar hannu. Ta sa hagu, ta sa gwiwar ƙafa, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta juya tukunyar, ta danna bakinta cikin ɗanyen yumɓun da ta kwaɓa.

Yatsun suka saki. Ta kwasa a guje, ko takalmi babu.

Hannun bai dawo daidai ba. Ya ƙanƙance, ko ludayi ba ya riƙewa. Ranar da ta fara fita ta hangi Sabo a Gyallesu yana ɗaukar tubali da hannu biyu, lafiya lau. Da ta koma gida ta tarar da baƙar tukunyar a kife a bayan ɗakinta, cikin tukwanen da ba ta sayar ba. Ba ta buƙaci a faɗa mata maganin hannunta ba, ta riga ta ga yadda Sabo ya warke.

Da yamma Hajo ta zo gaishe ta, wadda ta fi so cikin duk matan da ta koya wa gini. Idonta ya kai kan tukunyar.

"Inna, wannan ginin wa ne? Lafiyayya ce kuwa?" Ta sunkuya, ta lanƙwasa yatsa.

Ishatu ta tsaya tana kallon yatsan nan, tana jin nauyin mataccen hannunta. Sai ta kai wa hannun Hajo duka da hagu, ta bi ta da zagi har ƙofar gida, ta ce kada ta sake ganin ƙafarta.

Hajo ta tafi tana kuka. Unguwa ta ɗauka tsufa ne ya ɓata wa Ishatu hali, ita kuma ba ta gyara musu zancen ba. Ta toshe bayan ɗakin da katanga, ta daina karɓar baƙi, ta ci gaba da cin tuwo da hagu har ta rasu.