Shugabar Mako Ba Ta Ci Da Kowa

A gidan ɗaliban horon shugabanci akwai wata doka da babu mai son ta. Duk wanda ya zama shugaban mako, shi zai zuba wa kowa abinci, kuma ba zai ci ba sai an watse. Wai don ya koyi hidima.

Maza na sama, mata na ƙasa, falo da kicin ne kawai na kowa da kowa.

Makon farko ya faɗa kan wata da ake kira 'Yar Shiru, domin tun zuwanta ba a ji ta haɗa magana uku a jere ba. Aka ci aka watse, ta zauna a kicin da ɗan abin da ya rage a gindin tukunya. Tana jiyo dariyarsu daga falo, kewa ta cika mata ciki.

Sai ga wani dogon saurayi ya sunkuyo ta ƙofa, farantinsa a hannu, ko taɓawa bai yi ba. Dogo ake ce masa.

"Ranki ya daɗe, talaka zai iya zama?"

"Ai abincinka ya huce," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Naki ma ya huce. Kin ga mun yi anko."

Ta ɗago ta dube shi, murmushi ya ƙwace mata. Haka ya yi ta yi har makon ya ƙare, shi yana zuba, ita tana saurare. A nan ya ji cewa mahaifiyarta ta rasu, ita kaɗai ce wurin babanta, mai gyaran agogo.

Ranar da ta sauka daga mulki, saƙonsa ya shigo: "Shugabata, an ce wa'adinki ya ƙare. A wajena dai babu ranar zaɓe."

Ta karanta ya fi a ƙirga, sannan ta rubuta: "Allah ya shirye ka, Dogona."

Amma gidan haɗaka ba ya rasa ɗan zaman banza. Akwai wata da suke kira Rediyo, wadda ta daɗe da ɗora ido a kan Dogo. A makon mulkin Rediyo, 'Yar Shiru ta zo ɗiban ruwa ta hango su a kicin, Rediyo ta jawo kujera har tana gogar tasa.

Ashe haka yake yi wa kowa. Tausayi ne, ita ce ta ɗauke shi so. Ta koma ɗaki ta kashe waya, ta daina fitowa falo, gidan nan mai hayaniya ya zame mata kamar kango.

Rediyo kuwa ba ta iya riƙe magana, ko da wadda za ta kunyata ta ce. Ita da kanta ta faɗo ɗakin.

"Ke, je ki ɗauki kayanki! Wanke-wanke ne ya tsare shi a kicin, na ja shi hira, ya cika ni da zancenki har abinci ya fita raina."

Da 'Yar Shiru ta kunna waya, saƙo ɗaya ta tarar: "Shugabata, in laifi na yi a hukunta ni. Shirun nan ya fi ƙarfina."

Ana cikin shirin kammala horo Baba ya kawo ziyara. Idonsa ya sauka kan takalman maza birjik a ƙofar falo, fuskarsa ta canza. Da ta yi masa maganar Dogo, bai bari ta ƙarasa ba.

"A gidan nan kika samo shi? Ban yarda ba. Kuma an ce aiki zai tafi can wata uwa duniya. Haɗa kayanki."

Ta bi shi gida ba musu. A can ta ga abin da ba ta lura da shi ba a da. Baba na wuni a shago cikin ƙarar agogunan mutane, in ya dawo ya zauna a tsakar gida yana kallon ƙofar ɗakin marigayiya. Ta gane ba takalman maza ne suka tsorata shi ba.

Tana hawaye ta rubuta: "Dogona, ina son ka, amma ba zan iya barin Baba shi kaɗai ba. Ka tafi aikinka."

Bai ba ta amsa ba. Kwanaki suka shuɗe, ta rame, ta fitar da rai.

Wata safiya Dogo ya yi sallama a shagon Baba, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na ajiye wancan aikin. Na sami koyarwa a makarantar bayan layinku, na kama ɗaki a gidan da ke kallon naku."

Baba ya cire gilashin gyara daga idonsa. "Yaro, wancan ya fi wannan nesa ba kusa ba. Me ka koya a makarantar taku?"

"An koya mana kada mu yi gaba mu bar na baya, Baba."

Tsohon ya daɗe yana juya wani agogo a hannu. "Turo manyanka," ya ce a hankali.

Aka ɗaura aure, 'yan gidan horo suka cika layin, Rediyo ce ma kan gaba wajen rabon abinci da ba da umarni.

Da za a raka amarya, ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Dogo ya raɗa mata, "Shugabata, tsallaka titi kawai za mu yi fa." Ta yi dariya cikin hawaye.

Baba ya dafa kawunansu su biyu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku. Abu ɗaya nake roƙo, 'yata. Kullum da safe ki ƙwanƙwasa min ƙofa, ko ba za ki shigo ba. In na ji, na san gari ya waye."