Takun Baba Duba-gari

Ƙarfe tara na safe aka bugo wa Sufeton 'yan sanda waya daga ofishin lafiya na unguwa. An sace fayil guda, na gida mai jan ƙyaure, wanda ramin shaddarsa ya tsiyaye cikin rijiyar layin har yara tara suka kwanta da amai da gudawa.

Maginin da ya haƙa ramin kwanansa biyu a tsare. Rantsuwa yake ta yi, wai inda duba-gari ya kafa turke nan ya haƙa. Takardar da za ta wanke shi kuwa tana cikin fayil ɗin. In ba a same ta ba, jibi kotu, kuma shi zai sha.

A layin nan aka haifi Sufeto. Da ya shiga ofishin sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Bencin nan na dā yana nan, hoton ƙuda a bango ya koɗe. Ya tuna zamanin da in aka ce "Ga Baba Duba-gari nan!" iyaye mata sai rige-rigen tsintsiya da rufe randa. Shi kansa Baba ya taɓa murɗe masa kunne saboda ya zuba shara a kwata. Kai, an yi mutane!

"Wa ya shigo jiya?" ya tambayi akawu.

"Ba kowa, yallaɓai."

"Kwaɗon lafiyarsa lau. Aljani ka bai wa makulli?"

Akawu ya hau sosa ƙeya. Sufeto ya duƙa. An goge siminti jiya, wani ya taka kafin ya bushe. Gefen kowane sawu akwai ɗan zagaye kamar bakin kwalba.

"Yaushe ka fara dogara sanda?"

"Ai... mai shara ce, yallaɓai."

Sufeto ya wuce caji ofis wurin magini.

"Da me aka auna tsakanin ramin da rijiya?"

"Da ƙafa, ranka ya daɗe. Baba ba ya riƙe tef. Doka ta ce mita talatin, shi kuma takunsa ɗaya mita ɗaya, kowa ya sani. A gabana ya ƙirga talatin."

Gaskiya ne. Suna yara sukan bi shi a baya suna taya shi ƙirga. Wani injiniya ya taɓa biyo sawunsa da tef don ya kunyata shi, shi ya koma da kunya.

A gida mai jan ƙyaure kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya ja tef daga bakin rijiya zuwa murfin ramin.

"Sha tara, yallaɓai."

"Sake."

"Ko sau goma ne, sha tara ne."

Sufeto ya juya ga maigidan. "Yaushe aka yi aikin?"

"Bara waccan. Baba bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, lokacin da babur ya kayar da shi."

Sufeto ya so a ce bai ji wannan amsa ba.

Sun tarar da Baba a ƙofar gidansa, sanda mai roba a gindi jingine da kujerarsa. Ko tsinke babu a wajen.

"A'a, ɗan mai ɗinki ne ya zama Sufeto? Kunnen ya warke?"

"Ya warke, Baba. Ka je ofis jiya?"

"Rabona da ofis tun da na yi ritaya."

Sufeto ya sa kofur ya shimfiɗa tef a kan titi, mita talatin cif.

"Baba, taka mini talatin, irin na dā."

Tsohon ya daɗe yana kallon tef ɗin. Ya miƙe, ya ɗauki sanda, ya fara. Ƙafar hagu tana ja. Da ya ce "talatin", kofur yana can gaba riƙe da ragowar tef.

Baba bai waiwayo ba.

"Ranar da yaran suka kwanta na ari tef na auna," in ji shi. "Shekara talatin da biyar ban taɓa kuskure ba, ɗana. Baki ya ƙirga daidai, ƙafa ce ta ci amanata. Na kasa jure a karanta sa hannuna a kotu. Akawu yarona ne, ni na roƙe shi makulli."

"Sai magini ya sha ɗauri a madadinka?"

Hawaye ya zubo wa tsohon. Ya shiga ɗaki ya fito da fayil ɗin.

Kofur ya zaro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Da kansa ya riƙe hannun Baba zuwa mota.

A bakin mota tsohon ya tsaya.

"Ka fara sakin magini. Sannan fito da biro."

"Bayani sai mun isa, Baba."

"Ba bayani ba ne. Gida shida na taka bayan haɗarin nan, kuma duk akwai yara. Rubuta, a rufe rijiyoyinsu yau."