Ramin Ƙarshe a Silin

Oga ya ce in ya zo da safe ya tarar da rami ko ɗaya a silin gidan nan, in nemi wani aikin. Shi ya sa dare ya same ni a kan tsani ni kaɗai, da fitilar waya, saura ramin falo.

Sai ga wani tsoho ya shigo. Na ɗauka maigadi ne.

"Baba, riƙe min tsani," na ce. "In na faɗo na mutu, kai za a liƙa wa budurwata, kuma ci gare ta."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan ramin ba a toshe shi, yaro."

"Je ka faɗa wa Oga."

Na yanka allo na saka, na shafe da filasta. Iska mai sanyi ta dinga fitowa ta gefen allon, har ta ɗauke.

Na haska ƙasa. Farar ƙura ta rufe daɓen, sawuna ne kawai a kai. Ba kowa a gindin tsanin.

Ina can sama na ji numfashinsa a kunnena.

"To ni ta ina zan koma?"