Tsohon Takalmin Filibus

A bakin gadar Broadway Filibus ya fara ganin Afiniki, daidai inda ake rufe baki.

Kowace shekara kafin Ista, Hausawan wata ƙaramar majami'a da ke Tremont sukan yi tattakin ibada. Kwana biyu suke takowa daga arewa, gicciyen katako a gaba, har su kai ɗakin addu'ar da ke kan tudu a Washington Heights. Dokarsu ɗaya ce, mai tsanani: da an taka gada, shiru. Mil biyun ƙarshe ba magana, ba waya, sai hannu ya taɓa ƙofar ɗakin addu'a.

Afiniki ce mai raba ruwa. Ta miƙa masa gora, ya buɗe baki zai yi godiya, Fadan majami'ar ya kaɗa ƙararrawar shiru. Haka ya yi mil biyu a bayanta, magana na ci masa maƙogwaro. Yana taɓa ƙofa ya juyo.

"Merci. Mi sunanki?"

"Tun daga gada kake riƙe da wannan?" Ta yi dariya. "Afiniki. Ai na ɗauka bebe ne."

Sunan ya bi shi. Filibus ɗan Maraɗi ne, yana kai wa mutane abinci gida-gida a Manhattan. Ita kuwa nas ce. Kafin rani ya yi, wayoyinsu ba sa hutawa.

"Mai Ruwa, yau lif ya lalace, na hau bene goma sha ɗaya da miyar wani. Kowane hawa sunanki nake kira. Mai gidan ya ɗauka addu'a nake."

"Bebena, yanzu kuma bakin ya buɗe ba ya rufuwa? Ka ci abinci. Ka zo Lahadi ka gaida Baba."

Baba Barmo mutumin Malumfashi ne, shekara talatin yana tuƙin tasi, kuma tun rasuwar matarsa Saratu ba shi da kowa sai wannan 'yar. Filibus ya zo da ladabinsa, ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya zauna a ƙasa. Sai dai Baba ya dawo daga waje, saboda haka takalmin ya fara gani kafin mai shi. Dunduniya ta cinye, baki ya dare, igiya kowace da launinta. Kusa da shi ga wani na fata yana ƙyalli, na Timothawus, ɗan aminin Baba mai aiki a ofishin jakadanci, wanda shi ma ya zo gaisuwa.

Da baƙi suka tafi Baba ya ce, "Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. Wanda bai iya riƙe takalminsa ba, 'yata zai riƙe?"

"Baba, tafiya ce ta cinye shi. Aikinsa ke nan."

"Ba zan yi miki dole ba, Afiniki. Amma albarkata ba ta bin wancan takalmin."

To, me za ta yi? Ba za ta shiga ɗakin miji ba da bakin ubanta a rufe, kuma zuciyarta ta ƙi komawa inda ta fito. Wata Lahadi Filibus ya hango ta a motar Timothawus. Kwana tara bai rubuto ba.

"Bebena, Baba ne ya ce ya sauke ni asibiti. A baya na zauna. In ka yi mini shiru kai ma, wa ya rage mini?"

"Pardon, Mai Ruwa. Ba fushi ba ne. Na duba ko'ina ban ga ƙofa ba. Na sayi sabon takalmi na je gaisuwa, Baba bai ko dubi ƙafata ba."

"Ni ma ban ga ƙofa ba. Mu dai yi ta addu'a."

Haka shekara ta zagayo. Saratu ba ta taɓa fashin tattaki ba, Baba kuwa a tasi yake bin su. Bana ya ɗauki alkawari gaban Allah zai taka hanyar matarsa da ƙafarsa, tun daga farko har ƙofa. Timothawus ya kawo masa kyautar takalmin fata sabo fil.

"Baba, ba a doguwar tafiya da sabo," in ji Afiniki.

"Gidan Allah za ni. Da tsumma zan je?"

Ranar farko ya cije. Rana ta biyu yana ɗingishi, bai gaya wa kowa ba. Girman kai rawanin tsiya. Aka kaɗa ƙararrawa, aka haye gada. Kusa da titin Dyckman ƙafa ta ce ta gaji da rufa masa asiri. Ya zauna a gefen titi.

Afiniki ta zare takalmin. Safa ta manne da jini. Ta naɗe dugadugan da bandeji, ta gwada mayar da takalmin, ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga. Gicciye ya tsaya. Mutum arba'in suka yi cirko-cirko, ba mai ikon cewa ko sannu.

Timothawus, wanda ke biye da su a mota, ya buɗe ƙofa. "Baba, ku shiga mana! Minti biyar ne. Allah ai ya ga niyya."

Baba ya girgiza kai. Ya dubi tudun, ya dubi ƙafarsa, hawaye ya gangaro cikin gemu. Afiniki ba ta taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka binne uwarta.

Filibus tun jiya yake can ƙarshen layi, don mai neman aure ba ya jerawa da uban yarinya. Kuma shi da tafiya sana'arsa ce, sabon takalmin nan ya bar shi a gida, tsohon ya sa. Ya ratso mutane, kansa a ƙasa, ya durƙusa. Ya kwance tsohon takalminsa, ya sassauta igiyar har ƙasa, ya kama ƙafar Baba.

Baba ya buɗe baki zai kore shi. Ya tuna inda yake. Ya rufe.

Takalmin da ya sha titunan Manhattan ya yi laushi kamar tsohon zane, ya karɓi kumburin da bandejin duka. Da tsohuwar zuma ake magani. Baba ya miƙe, ya taka, ya sake takawa.

Filibus ya bi shi da safa, kan kwalta mai sanyi da ruwan daren jiya. Da suka iso doguwar matakalar da ke hawa tudun, Baba ya yi tangaɗi. Bai waiwayo ba, ya dai miƙa hannu baya, ya sami kafaɗa a wurin. Hawa ɗaya, hutu ɗaya, Afiniki na biye tana rungume da takalmin fata, tana kuka ba sauti.

Baba ya ɗora tafinsa a ƙofa, ya daɗe. "Saratu, na iso," ya ce a hankali. Sannan ya dubi safar Filibus, ta yage, yatsu a waje.

"Kai, yaro. Wa ke gare ka a Maraɗi?"

"Kawuna, Baba."

"Ka ce ya kira ni."

Filibus ya buɗe baki, ba abin da ya fito.

"Ka gani ko, Baba?" Afiniki ta share ido. "Bebe ne."

A watan Yuni aka ɗaura aure a Tremont, har maƙwabta Musulmi masu shaguna suka rufe suka zo cin shinkafa. Baba Barmo ya sha babbar riga mai aiki, a ƙasanta kuwa tsohon takalmin nan, igiya kowace da launinta. Afiniki ta roƙe shi ya canza, ya ƙi.

Ya ɗora hannu a kawunansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin magana. Inda ɗayanku ya gaza, ɗaya ya durƙusa. Kai kuma, surukina, kada ka tambaye ni takalmin nan. Na ba ka 'ya, ka bar mini shi."

Jama'a suka ce amin.