Kuɗin Tikitin Loretta

Wayyo maraici! Tun safe Loretta Keeping take tsaye a tashar jirgin fito ta Port aux Basques, rungume da ledar burodin da ta gasa wa yayanta Cyril. Shi kaɗai ya rage mata tun da teku ta cinye iyayensu, ga shi kwance a asibiti a Halifax, igiyar jirgin kamun kifi ta murƙushe masa ƙirji, ranar Juma'a za a yi masa aiki. Sai kawai aka yi shela: injin jirgi ya lalace, an soke tafiya! Ma'aikaciyar tasha ta ce, "Yi haƙuri 'yan mata, kuɗinki zai koma cikin katin da aka biya da shi."

Ga shi kuwa Loretta ba ta da katin banki. Wata uku ta yi tana ɓare ƙaguwa a masana'anta har yatsunta suka tsattsage, ta tara dala ɗari da tamanin, ta damƙa wa Inna Verna, matar baffanta da ke riƙonta, ita ta yanki tikitin da katinta.

Kwana biyu ta jira, sannan ta durƙusa a kicin. "Inna, don Allah kuɗin ya dawo? Jibi za a shiga da Yaya."

Inna Verna ta ajiye kofin shayi ta tafa hannu. "Garland, zo ka ji 'yarka! Kin karɓe kuɗi a tasha kin cinye, yanzu ni za ki yi wa sharri? Na ci da ke, na sha da ke, sakayyar ke nan?"

"Wallahi Baffa ko sisi ban karɓa ba... cewa suka yi kati zai koma!"

Baffa Garland, bawan Allah da ya ƙare rayuwarsa a kan ruwa bai taɓa sanin yadda kati yake aiki ba, ya kawar da kai. "Kin ba ni kunya, Loretta."

Wannan kalma ta fi mari zafi! Ta buga wa kamfanin jirgin waya, suka ce ba sa magana sai da mai kati. Ta roƙi shugaban masana'anta rance, ya ce an riga an gaya masa halinta. Kafin la'asar labari ya zaga gari, har matan coci suna janye jakunkunansu in ta wuce. Cyril ya bugo, murya da ƙyar take fita: "Ƙanwata, kina hanya?" Ta toshe baki kada ya ji kukanta. "Ina hanya, Yaya." Ta faɗi bakin gado tana cewa, "Ya Ubangiji, ba ni da kowa sai Kai... kada Ka bar shi ya shiga ɗakin aikin nan bai ga fuskar nasa ba!"

To, kwaɗayi mabuɗin wahala. Ranar Alhamis da safe maƙwabciya ta tsegunta wa Inna Verna cewa tunda inji ne ya lalace ba iska ba, kamfani na ba da diyyar dala ɗari, amma sai mai suna a tikiti ta je da kanta. Haba, nan da nan Inna ta shafa janbaki! Ta sa Baffa ya tayar da mota, ta tura Loretta gaba kamar akuyar kasuwa.

Tasha cike take da mutanen gari. Ma'aikaciyar ta duba na'ura ta ce, "Diyya taki ce, Loretta. Kuɗin tikitin kuwa tun ranar Talata ya shiga katin Verna Keeping."

Inna ta fara in-ina: "Ai... ai na'ura tana kuskure..."

"Ba ta yi ba," in ji Baffa. "Sabon takalmin nan na ƙafarki, ranar Talata kika sayo shi. Verna, ɗan ɗan'uwana na gaɓar mutuwa kika ci kuɗin ƙanwarsa?" Ya juyo hawaye na bin gemunsa. "Yafe mini, 'yata."

"Na yafe, Baffa. Ni dai jirgi... akwai wuri?"

Kujera ɗaya ta rage a jirgin rana. Baffa ya sa Inna ta miƙa katin nan a gaban kowa ta biya, sannan ya ce ta san inda za ta nufa, ba dai gidansa ba. Ta fita ana nuna ta da baki, babu wanda ya rage mata hanya.

Ranar Juma'a ana tura gadon Cyril zuwa ɗakin aiki sai ga Loretta a guje, ledarta a ƙirji. "Yaya! Yaya, na zo!" Ya buɗe ido ya kama tsattsagaggun yatsunta ya riƙe gam.

Bayan awa shida ya farka, ya dubi ledar ya ce, "Wannan burodin ai ya zama dutse."

Ta fashe da kuka tana dariya. "Kwana huɗu yana jiranka, Yaya. Sai ka ci abinka."