Rumfar Masu Mura

Saude ta fara ganin Shafi'u ne da yarinya a kafaɗarsa, tsaye ƙofar gidan renon yara na Malbaza, ƙurar siminti har cikin girarsa. Direban babbar mota ne, matarsa ta rasu ta bar masa Gimbiya, ga ta nan majina na zuba.

"Mura ce kawai," ya ce a kunyace. "Ina da lodi zuwa Konni, innata kuma ta tai Illela. Ko'ina an ƙi amsar yarinyar."

"Kawo ta nan, Baban yarinya. Mura ba kuturta ba ce."

Saude ce ta roƙi mai gidan renon aka ware mata rumfa a bayan gida don yara masu ɗan tari da ɗan zazzaɓi. Kowa da moɗarsa, kowa da tsumman hancinsa. In jiki ya yi zafi da yawa ta aika a kira uwa. Matan tasha masu tuyar fanke da ita suka dogara, don yinin da ba a fita ba tukunya ba ta hawa murhu.

Murar Gimbiya ta warke, amma uban ya kasa daina zuwa. Kullum salularta sai ta yi ƙara.

"Sauduna, ina Dogarawa, zuciyata na rumfarki. Ni ma hwa mura nika ji."

"Ka sha lemun tsami, malam. Rumfata ta ƙanana ce."

Inna Tabawa, mahaifiyarsa, tun farko ba ta so ya nemi Saude ba. Akwai Nabila ɗiyar ƙanenta a Illela, ita ta tanadar masa. Ta ce mace mai yini cikin majinar ɗiyan mutane cuta za ta kwaso musu.

Rannan Gimbiya ta tashi da tari, Shafi'u ya bar ta rumfa ya hau hanya. Tsohuwa ta zo rumfa da wanzami a bayanta, a cire wa yarinya belu yadda aka yi wa ubanta.

"Inna, ki yi haƙuri," Saude ta ce tana durƙushe. "Ubanta ya ba ni ita, shi zan maida ma. Tarin ga ba shi kai ga aska ba."

"Ke wace ce? Ke kika haihe ta?"

Gimbiya ta ƙanƙame zanen Saude, ita kuwa ta ƙi sakin ta. A gaban mata Tabawa ta juya tana kuka.

Saƙon Shafi'u da ya zo da la'asar ba Sauduna a ciki.

"Kin tozarta uwata bainar jama'a. Ban zaci haka daga gare ki ba."

Ta karanta har idonta ya yi ja. Ta tsare masa ɗiya, tukuicinta ke nan.

Zuma da ruwan ɗumi suka kori tarin. Da Shafi'u ya ga yarinya ba ta cin tuwo sai an ambaci Saude, ya sauko, ya dinga zarya wurin uwarsa har ta gaji. Ta yarda a yi auren, amma da sharaɗi: Saude ta bar renon ɗiyan mutane har abada.

"Hasken idona, ki taimake ni," ya ce. "In kin ƙiya, Nabila za a kawo min."

Saude ta dubi Gimbiya. Ta san inda belun zai ƙare in wata ta shigo gidan. Ta ce ta amince, kuma ranta bai yi daɗi ba ko kaɗan.

An ɗaura aure, an yi buki na gani na faɗa. Mai gidan renon kuwa ta rushe rumfar, ta ce babu mai haƙurin wannan wahala, yaron da ya yi atishawa a mayar wa uwarsa.

Amarya na ɗaki da lalle a hannu, mata cike suna sa albarka, sai ta ji sallama. Wata mai fanke ce da ɗanta a goye yana tari.

"Don Allah Saude ta riƙe min shi zuwa azahar."

"Nan gidan aure ne, ba likita ba," in ji Tabawa. "Tai ki nemi wani wuri."

Shafi'u na tsakar gida, ya sunkuyar da kai. Ta labule Saude ta ga matar ta gyara goyo ta nufi tasha, rana na dukan kan yaron.

"Allah shi ba da zaman lahiya, amarya, shi kawo ɗiya masu albarka!" mata suka ce.

Saude ta jawo Gimbiya jikinta, hawaye na sauka kan lallenta.

"Amin," ta ce.