Rediyo a Cikin Randa

"Nuna min hannun!"

"Yaya Husaini, na ce maka faɗuwa na yi a bakin rijiya..."

"Huraira, ni za ki raina wa hankali? Rijiya ce ke da yatsu? Ga shatin yatsun mutum nan ƙiri-ƙiri!"

Na ja mayafi na rufe wuyan hannuna. Idona na kan ƙofar ɗaki, don mijina Ɗan'azumi yana ciki ya samu barci da ƙyar.

"Don Allah ka rage murya, kada ya farka."

"Kin gani ko? A gidanki ma tsoron ɗaga murya kike, ga ki da tsohon ciki! To Baba ya gama magana. Ranar Laraba zai zo da kansa. Ke ki koma gida, shi kuma a kai shi Garaku wurin mai magani, a sa masa mari a ƙafa har ya dawo hayyacinsa."

"Mari?! Yaya, ɗan'uwanka ne fa!"

"Ke kuma ƙanwata ce. Ki haɗa kayanki."

Ya fice ya bar ni tsaye a tsakar gida.

Ɗan'azumi ɗan ƙanin Baba ne. Maraya ne, a gidanmu ya tashi, kuma tun ina yarinya nake kiransa Ɗan Baffa. Babu wanda ya haɗa mu, mu muka haɗa kanmu, har Inna tana mana tsiya wai mun hutar da ita zaɓe. Ana gama bikinmu ya shiga soja, yaƙin basasa ya tafi da shi kudu. Da aka gama yaƙi ya dawo Keffi da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, kowa ya ce Allah ya yi mana gyaɗar dogo.

Ni kaɗai na san abin da ya dawo da shi.

Ƙara ce ba ya so. Murfin tukunya ya faɗi, ko a buga ƙofa da ƙarfi, sai ka ga idanunsa sun canza, ya daina ganin ɗakinmu, ya koma wani daji da ban taɓa gani ba. Ranar da na ji ciwo a hannu, tayar wata babbar mota ce ta fashe a kan titin Akwanga. Ya damƙe ni ya tura ƙarƙashin gado yana ihu, "Kwanta! Kwanta, za su gan ki!"

Ba dukana ya yi ba, ɓoye ni yake yi. Amma wa zan yi wa wannan bayanin ya saurara? Kuma in faɗi gaskiya, na ji tsoronsa ranar. Ina sonsa kamar raina, ina kuma tsoronsa, duka biyun a zuciya ɗaya.

Maganin da na samo masa ba a asibiti ba ne. Rasaki, wani Bayarabe mai gyaran rediyo, yana haya a shagon da ke jikin zaurenmu. Wata rana da la'asar, abin ya motsa wa Ɗan'azumi, yana ta haɗa gumi a lungun ɗaki, sai wani kiɗa ya ratso bango daga shagon. Sanyi-sanyi, kamar garaya da sarewa, ba ganga ko ɗaya. Ina kallo numfashinsa ya fara sauka, kafaɗunsa suka saki. Can ya ɗago ya ce, "Hure... ruwa zan sha."

Washegari na tsaya daga bayan ƙofar zaure na tambayi Rasaki.

"Ah, Madam, dat wan no be Kaduna o! Tasha ne daga nesa, ni ma ban san ƙasa ba. Babu labari, babu surutu, sai kiɗa kawai, la'asar har magariba."

"Rediyonmu za ta kama?"

"Zai kama, amma sai an yi masa dabara. Kawo shi."

Rediyonmu tsohuwa ce, eriyarta ta karye tuntuni, sai ɗan guntun ƙarfe ya rage. Rasaki ya ɗaura wa guntun doguwar waya, ya ja ta ta taga har kan reshen mangwaronmu. Ya nuna min inda allurar take tsayawa, na ɗiga jan farce a wurin don kada hannuna ya kuskure ya faɗa tasoshin da ke sa kiɗan soja. In batir ya fara sanyi, in shanya shi a rana kamar kuɓewa. Da na ga muryar ba ta da ƙarfi, sai na saka rediyon cikin wata randa da ta tsage, sautin ya yi kauri ya cika ɗaki. Wannan dabarar tawa ce, ko Rasaki sai da ya tafa min.

Kullum la'asar haka muke. Ya kwanta a tabarma, kansa a cinyata, kiɗa yana fita daga randa. Wata mata takan yi 'yar magana cikin wani yare, sai ya ce, "Kin ji, gaishe ki take." In ce, "Ka ce ina amsawa." Ranar da ya samu kiɗansa, har kasuwa yake fita washegari.

Sai dai Baba bai san da wannan ba, kuma ba ni da bakin faɗa masa. Malami ne mai karantarwa a zaure. Rediyo ba ta taɓa kwana a gidansa ba, kiɗa kuwa ko na biki ne sai ya canza hanya. In je in ce masa da kiɗa nake jinyar ɗansa? Ai gara in haɗiye harshena.

Ranar Talata da yamma, kansa a cinyata, Ɗan'azumi ya ce, "Na ji abin da Yaya Husaini ya faɗa."

Na dube shi. "Ba barci kake ba?"

"Ki bi Baba, Hure."

"Ban gane ba."

"Dubi hannunki. Yau hannu ne, gobe fa? Ga ciki... Wallahi ni kaina tsoron kaina nake."

"Ɗan Baffa, ka san mari kuwa? Ƙarfe ne fa za a sa maka a ƙafa!"

"In shi zai hana ni taɓa ki, a sa."

Hawayena ya ɗiga a goshinsa. "Ni ban yarda ba. Na jira ka kana daji, ban san ko kana raye ba. Yanzu da kake gabana za ka ce in tafi? Ba inda za ni, rabin raina."

"To in Baba ya ce tashi?"

Tun da nake ban taɓa ce wa Baba a'a ba, kuma shi ma ya sani.

Laraba ta zo da hadari. Tun azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kaɗa mangwaro. Ni kuwa duk wanda ya yi sallama sai in leƙa zaure. Bayan sallar la'asar na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, sannan gyaran muryar da na sani tun ina goye.

Baba ya shigo ɗaki, Yaya Husaini na biye da shi da igiya a naɗe a hannu. Muka durƙusa ni da Ɗan'azumi muka gaishe shi.

"Huraira, kin haɗa kayan?"

"Baba, Allah ya huci zuciyarka... ka ƙara mana lokaci. Yana samun sauƙi, wallahi yana samu."

"Sauƙin ne a hannunki? Ku duka biyun 'ya'yana ne. Ba zan zauna sai an aiko min da mummunan labari ba. Tashi."

Ban kai ga tashi ba aka yi tsawa.

Irin wadda take girgiza kwanon rufi har ƙura ta zubo. Na juya, na ga idanun Ɗan'azumi sun riga sun tafi. Ya yi tsalle ya faɗa lungu, ya wawuro taɓaryar da na jingine saboda ruwa, ya saita ta a kafaɗa kamar bindiga.

"Ku kwanta! Sun zo! Ku kwanta na ce!"

"Innalillahi!" in ji Yaya Husaini, ya fara warware igiya. "Baba, matsa baya in kama shi!"

"Kada ka taɓa shi!" Ban san ina da irin wannan muryar ba. "In ka matsa zai rotsa maka kai! Don Allah ku tsaya!"

Na rarrafa wurin randa, na murɗa rediyo. Shhhhh... Ba komai sai shuuu kamar ana suya. Na duba allura, tana kan jan farcen. Na ja wayar, sai ta biyo hannuna salalau. Iska ta karya reshen, wayar ta tsinke daga bakin taga.

Na ciro rediyon daga randa, na jijjiga ta, na buga ta a tafin hannu. Ruwa ya kece a kan kwano. Aka sake tsawa, Ɗan'azumi ya kurma ihu yana kiran sunayen wasu mutane da ban sani ba.

"Ki yi magana mana! Don Allah ki yi!" Da rediyo nake, ina kuka.

"Huraira!" Baba ya daka min tsawa. "Mijinki na wannan hali, ke kina neman abin shagala? Ba ni nan!"

Ya fizge ta daga hannuna zai kashe. To Baba bai taɓa riƙe rediyo ba, bai san ina makunni yake ba. Sai ya damƙi guntun ƙarfen eriyar yana ƙoƙarin murɗawa.

Sai ga sarewa.

Siririya, daga nesa, amma ita ce. Baba ya firgita ya saki ƙarfen, kiɗan ya ɓace, shuuu ta dawo.

"Baba, mayar da hannunka! Don girman Allah mayar!"

Ya dube ni kamar na zare. Na kama hannunsa da kaina, abin da ban taɓa yi ba tun da na girma, na ɗora a kan ƙarfen. Sarewar ta dawo, garaya na bin ta a hankali.

"Wannan shi ne maganinsa, Baba," na faɗa ina shessheƙa. "Kullum da shi yake samun kansa. Na ji tsoron faɗa maka."

Baba ya dubi rediyon, ya dubi lungun. Bakin taɓaryar ya ɗan yi ƙasa, amma ƙarar ruwa a kwano tana danne kiɗan.

"Ba ya ji sosai," na ce. "Ba ni in matsa masa da ita."

"Da cikin? Koma baya."

Sai na ga Baba ya fara takawa wajen lungun, rediyo a ƙirji, yatsunsa a kan ƙarfe.

"Baba, kada ka je!" in ji Yaya Husaini.

Taɓaryar ta ɗago ta saita ƙirjin Baba. "Tsaya nan! Wane ne?!"

Na toshe bakina da hannu biyu. Na riga na hango Baba a ƙasa cikin jini, na hango mijina a ɗaure har abada.

"Ni ne," Baba ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni ne Babanka, Ɗan'azumi. Kiɗanka na kawo maka."

Ya ƙara taku. Ya ƙara. Sannan ya durƙusa a hankali, da gwiwoyinsa masu ciwo, ya zauna a ƙasa dab da shi. In aka yi walƙiya rediyon takan yi ƙarat, kiɗan ya yanke, ni ma numfashina ya yanke. Sai ya sake dawowa.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai ga taɓaryar tana sauka, tana sauka, har ta kwanta a ƙasa. Ɗan'azumi ya ƙifta ido, ya dubi rawanin da ke gabansa.

"Baba...? Me na yi? Na taɓa wani? Ina Hure?"

"Ba ka taɓa kowa ba. Ga ta can lafiya."

Sai ya kifa kansa a gwiwar Baba ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Yara ne, Baba... waɗanda muka tafi tare duk yara ne. Ni kaɗai na dawo."

"Na sani, ɗana. Yi kukanka."

Gemun Baba ya jiƙe. Ni ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa.

Yaya Husaini ya ɓoye igiyar a bayansa, ya yi gyaran murya. "Baba... direba yana jira."

"Je ka sallame shi. Ka biya gida ka ce wa Innarku ta shirya, nan za ta zauna har yarinyar nan ta sauka lafiya. Ba na son a bar su su kaɗai."

Na durƙusa a gabansa, ina ta cewa, "Baba... Baba..."

"Ya isa. Ban ce ina son abin nan ba, kada ki je kina yaɗawa." Ya ɗan motsa kafaɗa, fuskarsa ta nuna gajiya, amma yatsunsa ba su bar ƙarfen ba. "Yaushe suke gamawa?"

"Sai magariba, Baba."

Ya dubi Ɗan'azumi da barci ya fara ɗauka a gwiwarsa.

"To ai da saura. Miƙo min filo in tokare hannun nan."